Merv Pridham a Kujerar Fasinja

Merv Pridham mijin yayata Glenys ne. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana jan tirela daga garinmu Port Pirie, yau shanu, gobe siminti da ƙarafa, zuwa Alice Springs da Darwin da Perth. Gajere ne kakkaura, hannunsa na dama ya fi na hagu duhu saboda ranar da ya sha a bakin taga. In ka zauna da shi minti biyar sai ya gaya maka tun da ya karɓi lasin bai taɓa ko kankare fentin mota ba. Gaskiya ce kuwa, shi ya sa ba a iya rufe masa baki.

Ita Glenys shekara talatin ta yi a ɗakin wanki na asibiti, ta reni 'ya'ya uku kusan ita kaɗai. Tuƙinta bai wuce daga gida zuwa aiki, daga aiki zuwa kanti ba. In za su fita tare, ba a ma tambayar wa zai riƙe makulli.

Da Merv ya yi ritaya suka sayi motar gida, fara, mai gado da kicin da ɗan banɗaki a ciki. Shirinsu shi ne na kowane mai furfura a nan: su zagaye ƙasar kaf cikin shekara guda. Merv ya manna taswira a bangon gareji, ya zana hanyar da jan biro, har inda za a sha mai ya sa wa alama.

Saura mako shida su tashi, yana wanke motar da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Likita ya ce farfaɗiya ce, magani zai riƙe ta, amma babu tuƙi, babu hawa tsani, sai ya shekara bai sake faɗuwa ba.

Ina gidan ranar da suka dawo daga asibiti. Merv ya zauna a kicin bai cire hula ba.

"A sa ta a kasuwa," in ji shi.

"Wa za a sa a kasuwa?" in ji Glenys.

"Motar mana. Ko ajiye ta za mu yi tsuntsaye su riƙa kashi a kanta?"

"Ni zan tuƙa."

Merv ya tuntsire da dariya, dariyarsa ta farko tun faɗuwar. "Ke? Glen, ke da kike zagaye gari don kada ki yi ribas a bakin gidan waya?"

"Na tambaya. Lasina ya isa."

"Lasin ai takarda ce."

"To, naka ma takarda ce, ga ta can a durowar likita."

 Da ta rako ni bakin ƙofa ta riƙe min hannun riga. "Athol, ka biyo mu da taka zuwa Perth kawai. In ba haka ba, ɗayanmu zai binne ɗaya a hamadar Nullarbor." Ni gwauro ne, na bar aikin matatar dalma, ina da a-kori-kura da 'yar tirelar kwana da nake ja zuwa kamun kifi. Na ce to. Perth ɗin da ta ce, sai da ta zama shekara cur.

Muka tashi farkon Maris. Muna da oba-oba a motocin biyu, kuma Glenys takan danne maɓallin nata da cinya ba ta sani ba, saboda haka na ji abin da bai kamata in ji ba.

"Kin yi kusa da gefe."

"Na gani."

"Yanzu kin yi kusa da tsakiya."

"Merv, ƙafarka tana neman huda ƙasan motar. Babu birki a wannan ɓangaren."

Kwana uku na farko ta yi tuƙi kafaɗunta a ɗage, in mun tsaya sai na ga yatsunta sun sandare. Merv kuwa sai fara'a yake yi. Ya dafa mata shayi, ya ce babu kunya in mun juya, ai ba kowa aka halitta don hanya ba. Ta shanye shayin ta koma ta ɗauki makulli.

Bayan mun wuce Eucla wata tirela mai jela uku ta taso mu a baya. Direban ya kira ta oba-oba ya ce zai wuce. Glenys ta yi abin da ta ji Merv yana ɓaɓatu a kai shekara da shekaru: ba ta taka birki ba, ba ta kauce ba, sai da ya fito ya yi daidai da ita sannan ta sassauta, da jelarsa ta ƙarshe ta wuce ta ƙyafta masa fitila.

"Mama, Allah ya saka da alheri," in ji direban. "Da duk masu furfura haka suke tuƙi, da ban kamu da hawan jini ba."

Sai na ji an fizge abin magana. "Kai yaro, da Merv Pridham kake magana. Tun kana goye nake bin hanyar nan."

"Ban san shi ba, Baba. Miƙa wa direba."

Daga nan har Norseman, kwana biyu, ban ji muryar Merv a oba-oba ba.

A zangon masu motocin gida na Esperance abin ya fara cin sa da gaske. Kowa ya san al'adar zango: da sabuwar mota ta shigo, tsofaffi za su gyara kujeru su zuba ido, don babu nishaɗin da ya kai kallon miji da mata suna faɗa a kan ribas. Da suka ga mace ce a sitiyari, har waɗanda ke ciki suka fito da kofunansu. Merv ya sauka ya tsaya a baya yana juya hannu kamar ɗan sandan hanya. Wurin matsattse ne, tsakanin famfo da motar wasu 'yan Adelaide. Glenys ta duba madubin hagu, ta duba na dama, ta shige tsaf a karo ɗaya. Aka tafa mata. Wata tsohuwa ta yi mata guɗa daga can nesa.

Merv ya zagaya motar, ya tsuguna ya leƙa taya. "Ta ɗan karkace," in ji shi. Ba wanda ya ji sai ni.

Ƙarfe biyar na yamma kowa kan fito da kujerarsa da gwangwanin giya ko kofin ruwan inabi, da cuku da biskit, a yi da'ira. Nan Merv ya tanadi labaransa na shekara arba'in. Amma mazan Glenys suke juyowa su tambaya. Yaya iskar Nullarbor ta yi mata? Mai nawa motar ke sha in an yi gaba da iska? Ta ina za ta bi zuwa Albany? Da farko takan dubi Merv kafin ta amsa. Bayan wata guda ta daina. Shi kuwa matan ne ke jawo shi cikinsu, suna tambayarsa wane injin wanki ne ba ya cinye kwabbai, ko ya san dabarar hana tururuwa shiga sukari.

Aikin da ya rage masa shi ne na wanda ba ya tuƙi. Ya jona wuta da ruwa, ya buɗe rumfa, ya gasa nama, da safe ya ja tankin banɗaki zuwa wurin zubarwa. Wata rana na haɗu da shi a hanyar yana jan abin a baya kamar akwatin tafiya.

"Sannu, kwandasta," na ce.

"Athol, da ba don yayarka ba, da a kanka zan juye shi."

Ƙananan abubuwa ya riƙa yi. In ta shiga wanka sai ya zauna a kujerarta ya matsar da ita baya, ya gyara madubai daidai da tsayinsa, ya bar su a haka. Da safe ta mayar ba ta ce komai ba. In an yaba mata a gabansa sai ya ce, "Ai motocin zamani su ke tuƙa kansu." Ita kuwa kullum ƙara gogewa take yi. Ta yi baƙi, ta aske gashinta gajere, ta sayi hula mai faɗi a Geraldton, tana waƙa a sitiyari. Tun muna yara ban ga yayata haka ba. Shi ma na tabbata bai taɓa ganinta haka ba, kuma ba shi ya jawo ba.

A Broome muka yi mako biyar, nan muka haɗu da Laurie Zammit. Manomin rake ne daga Mackay, dogo, matarsa ta rasu shekara biyu da suka wuce, yana yawo shi kaɗai da jif da tirelar kwana. Mutum ne mai sanyin magana, mai sauraro. Shi ya fara kiran Glenys da Kyaftin, sunan ya bi ta zango zango.

Wata la'asar ya ce ta zo ta gwada jif ɗinsa a kan yashin bakin teku. Ta dubi Merv.

"Je ki mana, Kyaftin," in ji Merv. "Ni wa?"

Muka zauna ni da shi a kan tudu muna kallonsu. Laurie ya rage iskar tayoyi, ya ba ta makulli, ya shiga gefen fasinja ya harɗe hannu. Jif ɗin ta yi nisa ta dawo, muna jiyo dariyarta.

"Dube shi," in ji Merv. "Ko nuna mata hanya ba ya yi. Zaune kawai yana washe baki."

"Wataƙila shi ya sa take dariya."

Ya harare ni. "Shekara arba'in da huɗu da aure, ban taɓa jin ta ce tana son tuƙi ba."

"Ka taɓa tambaya?"

"Kai gwauro, me ka sani?"

Babu komai tsakanin Glenys da Laurie, ni shaida ne. In sun zauna, rabin hirar a kan marigayiya matarsa ce. Merv ma ya sani. Amma da muka tashi zuwa Kununurra, Laurie ya ce shi ma can ya nufa, sai ayarin ya zama mota uku, kuma kowace safiya muryarsa ce ke fara fitowa: "Kyaftin, mun shirya, ke muke jira." Merv ya daina cin abincin kirki. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa. Glenys ta ɗauka maganin ne, ta kira likita a waya.

Muka shiga Katherine farkon Satumba, zafi ya fara tsanani. Zangon cike yake da manyan itatuwan maɗaci, wurin da aka ba su kuma yana ƙarƙashin ɗaya. Na riga su ajiye tawa, ina tsaye a gefe. Merv ya sauka ya koma baya kamar kullum. Mutane sun gyara kujeru, Laurie na cikinsu. Glenys ta fara ribas.

Na ga Merv ya ɗaga kai ya dubi wani reshe mai kauri da ya sunkuyo. Ya dubi rufin motar. Mutumin da ya shige da tirela ƙarƙashin gadoji dubu ba ya kuskuren tsayi. Ya sauke kai, ya ci gaba da yafito ta da hannu.

Kafin in buɗe baki, sai ƙara. Na'urar sanyi da ke kan rufin ta tumɓuke ta rataya da wayoyi, rufin ya tsage kamar gwangwani.

Glenys ta sauko. Ta dubi sama, ta dubi mutanen, ta rufe baki da hannu biyu. Ba wanda ya yi dariya. Ta zauna a matakalar motar tana kuka kamar yarinya.

"Ka yi gaskiya, Merv," in ji ta. "Ba aikina ba ne. Mu nemi wanda zai mayar mana da ita gida."

Abin da ya yi wata shida yana jiran ji ke nan. Na dube shi. Ya yi tsuru-tsuru, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Laurie ne ya kawo tsani da tamfol ya hau rufin. Merv an hana shi hawa, saboda haka shi ya riƙe tsanin, yana miƙa igiya, yana kallon ƙafafun Laurie. Makanike ya ce sai an kawo sabuwar na'ura daga kudu, mako uku.

Washegari na same shi a bakin kogi yana riƙe da fatsa, ko tana bai sa mata ba.

"Na gan ka," na ce.

"Ka ga me?"

"Kar ka raina min wayo, Merv. Ka ɗaga kai."

 "Na ɗauka gogar fenti kawai zai yi. Ɗan kankarewa. Don dai a daina tafa mata rana ɗaya."

"To, an daina."

"Za ka gaya mata?"

"Ni ban auro ta ba. Amma in Asabar ta yi ba ka faɗa ba, zan faɗa, in kuma ƙara gishiri."

Sai ranar Juma'a ya iya. Kwana huɗu Glenys ba ta fita da'irar yamma ba, tana kwance cikin motar da ta zama tanda, da jiƙaƙƙen tawul a goshi. Da hantsi ta ɗauki zannuwan gado ta nufi ɗakin wanki na zangon, ya bi ta. Ina ciki ina jiran kayana, na tashi zan fita, ya ce in zauna, ai na riga na sani.

"Glen, reshen nan. Na gan shi."

Tana ninke zani. Ba ta tsaya ba.

"Na gan shi na ƙyale ki."

Ta kai ƙarshen ninkin, ta ajiye, sannan ta juyo. "Na gan ka a madubi ka ɗaga kai," in ji ta. "Ni ma na ga reshen. Na ce a raina, Merv ya duba, tunda bai ce komai ba akwai wuri. Ko a mafarki ban..." 

"Ban san abin da ya shiga kaina ba."

"Ka sani sarai. Baƙin ciki ne, ba komai ba. Kana tsammani kai ka fara? Shekara arba'in kana shigowa gida kana min labarin fitowar rana a Coober Pedy, da raƙuma a hanya, da ruwan da ya cika kogi a Kimberley. Ni kuwa ina ninke zannuwan marasa lafiya, ɗanmu Craig na ƙyanda, injin wanki ya mutu. In ka tayar da tirela ran Litinin, nakan tsaya a taga in ji kamar in jefe ta da dutse. Amma na taɓa sace maka iskar taya? Nakan haɗa maka burodi da nama in ce ka sauka lafiya."

Ta ɗora zanin ƙarshe a kan sauran.

"Shekara ɗaya, Merv. Ɗaya tak na samu, ita ma don ka faɗi ne."

Ta kwashi zannuwanta ta fita. Da yamma ta sa hularta ta ɗauki kujera ta tafi da'ira. Ba ta tona shi ba. Da aka yi mata jaje ta ce ita da mai duba mata baya ne suka yi sakaci.

Kwana tara ba ta yi masa magana ba sai ta bakina. "Athol, gaya wa surukinka gas ya ƙare." Ya dawo kwana a 'yar tirelata, yana minshari, ina da-na-sanin duk abin da ya fito da ni daga Port Pirie. Laurie ya gaji da jira, ko kuwa ya fahimci wani abu, ya yi mana sallama ya nufi Darwin. Merv ya ba shi hannu har da cewa a gaida hanya, ranar kuwa ya cinye tsiran nama huɗu.

Aka gyara rufin muka yi gabas, Mount Isa, Cairns, muka gangaro ta bakin teku. Ba zan ce Merv ya warke ba. Ya daina taɓa madubai, ya daina taka birkin da babu, in za ta yi ribas yakan duba sama sau uku ya yi ihu ko don ganye. Amma in an yaba mata sai wuyansa ya yi ja, ya tashi ya ce zai duba gas. A wata mashaya a Bundaberg wani ya tambaye shi aikin da ya yi kafin ritaya. Ya dubi Glenys, ya dubi kofinsa, ya ce, "Sufuri," ya canja magana.

Wani abu guda ya canja. A doguwar hanyar Barkly na ji ta oba-oba tana tambayarsa yadda ake sanin tirela ta yi lodi fiye da kima tun daga nesa. Ya yi mata bayani na kusan awa guda, ta bar shi ya gama. Daga nan takan jefa masa irin wannan tambayar lokaci lokaci. Ko tana son sani ne, ko sadaka ce, ban tambaye ta ba.

Muka dawo Port Pirie tsakiyar Maris. Likita ya duba shi ya sa hannu, aka mayar masa da lasin na ƙananan motoci. Na tirela ya tafi ke nan.

Bayan wata biyu Glenys ta ji cocinsu na neman wanda zai riƙa jan bas ɗin tsofaffi kyauta, Talata da Alhamis, zuwa kanti da asibiti. Ta je ta yi gwaji ta ƙaro lasin, aka ba ta. Merv ya je a ɓoye ya ce shi ma yana so. Matar ofishin ta duba takardar likitansa ta ce ɗaukar fasinja ba zai yiwu ba, amma suna neman mai taimaka wa tsofaffi hawa da sauka, da ɗaukar musu jaka.

Ya zo gidana ya yi awa biyu yana zagin coci da likitoci da matar ofishin, har da ni da ban yi komai ba. Ya rantse ko za a kashe shi ba zai yi ba.

Talatar da ta wuce na gan su a bakin babban kanti. Glenys na sitiyari, Merv na tsaye a ƙofar bas sanye da rigar nan mai ɗaukar ido irin ta ma'aikatan hanya, yana riƙe da hannun Misis Trengove mai shekara casa'in, jakarta a kafaɗarsa. Tsohuwar ta tsaya a mataki na biyu tana haki.

"Matarka ce direbar nan?" in ji ta, da ƙarfi irin na kurame. "Hannunta da sanyi. Ka yi sa'a, yaro."

"Ɗaga ƙafa, Mama," in ji Merv. "Mutane na jira."